Kora Ba Horo Ba Ce

Ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, sa'ad da mata suka watse da goyonsu, dattawan ikkilisiya sukan ja benci zuwa inuwar dogon yaro su saurari ƙara. Ƙarar da ta fi yawa a shekarun nan ta ƴaƴa ce. Uba zai zo ya gaisa, ya daɗe yana duban ƙasa, sa'an nan ya ce ɗansa ya gagare shi. Yaron shekararsa 16. Ya bar zuwa lakwal, ba ya kwana gida, in an aike shi sai ya ga dama. Uwarsa ta yi masa faɗa, ya ɗaga mata murya har maƙwabta suka leƙo. Makon jiya ya wuce fasto a hanya hannu cikin aljihu, ko sannu babu.

Shawarar da za a ba uban nan, kusan kowa ya san ta tun ba a faɗa ba, ko a Maraɗi ne, ko a Garwa, ko a zangon Kumasi. Dattijo na fari zai ce ba a dake shi da kyau ba tun yana ƙarami, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu zai ce a sa shi ƙarƙashin horo. Na uku, wanda aka fi jin maganarsa, zai ce a fitar masa da kayansa ƙofar gida, duniya ta koya masa, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Sai a yi addu'a, kowa ya kama hanyarsa da zuciya a kwance, kamar an yi wani aiki.

Ba a yi aikin kome ba. An dai sauke kaya ne daga kan manya, aka ɗora wa yaro. Shawarar duka da ta kora suna da farin jini domin ba su da tsada: ba sa cin lokacin kowa, ba sa cin kuɗin kowa, ba kuwa sa tilasta wa babba ya dubi halinsa.

Kada wani ya ɗauka ana wanke yaron ne. Rashin kunya mugun abu ne. Uwar da ɗan da ta shayar ya zage ta gaban jama'a, ita ta san irin zafin. Masu ɗaga kafaɗa su ce ai zamani ne, a ƙyale yara, su ma gudun aiki suke yi, hanyarsu ce kawai ta bambanta da ta masu kora. Har yarjejeniyar da ƙasashen Afirka suka amince da ita a Addis Ababa a 1990 a kan haƙƙin yara, wadda waɗansu iyaye ke zargi cewa ita ta ɗaure wa yara gindi, tana da sashe na 31 da ya ɗora wa yaro nauyin girmama iyayensa da na gaba da shi. Ba wanda ke gardama cewa ya kamata yaro ya yi ladabi. Gardamar tana kan hanyar da za a komo da shi.

A fara da dorina. Masu son ta sukan buɗe Littafin Karin Magana su nuna ayoyin sanda, su rufe. Ba su cika juyawa zuwa wasiƙar Bulus ga Afisawa ba, inda manzon ya umarci ƴaƴa su yi biyayya, nan take kuma ya juya kan ubanni ya gargaɗe su kada su tsokani ƴaƴansu har su yi fushi. Umarni biyu ne a jere, amma wa'azi goma ake yi a kan na fari kafin a yi ɗaya a kan na biyu. Ga kuma abin da bincike ya nuna. A 2016 waɗansu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, suka tattara bincike 75 da aka yi cikin shekara 50 a kan yara fiye da 160,000. Ba su sami shaidar cewa duka yana gyara hali ba. Abin da suka samu shi ne, yaran da aka fi duka su ne suka fi taurin kai da faɗa daga baya. Wanda bai yarda da masana ba, sai ya tambayi kowane tsohon malamin makaranta wane ɗalibi ne ya fi shan bulala a ajinsa. Kullum mutum ɗaya ne, daga farkon shekara har ƙarshenta. Da bulala magani ce, da ya warke tun watan fari.

Ga saurayi ɗan shekara 16 kuwa, akwai ranar da kowane uba mai duka yake tsoro, watau ranar da zai ɗaga hannu yaron ya riƙe dorinar. Daga ranar nan uban ba shi da sauran makami, gama bai tanadi wani ba. Sai ya koma ga baki. Nawa ne aka ji uwa cikin fushi ta ce wa ɗanta ba zai ga alheri ba, da safe kuma ta tafi taron zumuntar mata ta roƙa a taya ta addu'a domin yaron ya shiryu?

Sai kora. Wanda ya ce duniya za ta koya wa yaro hankali, ya kamata a tambaye shi wace duniya yake nufi. Yaron da aka kora a garuruwan Nijar ba daji yake shiga ba, fada yake tafiya, inda samarin unguwa ke shimfiɗa tabarma su ɗora shayi har tsakar dare. Fada ba gidan shaiɗan ba ce. Da yawa cikinsu hira ce da ƙwallo da kiɗa, waɗansu ma su ke gadin unguwa su share kwata kafin damina. Amma a can ne yaro zai sami abin da aka hana shi a gida: wurin zama, da sunan da ake kiransa da shi, da wanda zai saurare shi in ya yi magana. A can ne kuma mai sayar da tramol zai same shi. A Damagaram an ga inda abin yake kaiwa, inda waɗansu taron samari suka rikiɗe suka zama ƙungiyoyin da ake kira pale, masu shugabanni da wuƙaƙe da iyakar ƙasa, musamman a unguwar Kara-Kara. Masu bi a Nijar ba su manta da 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasu, ƴan sanda kuma suka ƙidaya majami'u 45 da aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai. Yawancin masu riƙe da man fetur a ranakun nan samari ne. Ikkilisiyar da ta ga abin da saurayin da ba shi da mai kwaɓa yake iya yi, ba ta da hujjar tura nata ƴaƴan titi.

Waɗansu iyaye ba sa kora, sai su kai yaro inda za a ɗaure musu shi. A Satumba 2019 ƴan sanda a Kaduna suka buɗe wani gida a Rigasa, suka fito da maza da yara fiye da 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyaye ne suka kai da yawa cikinsu, suna biyan kuɗi. Kirista kuma kada ya yi saurin nuna yatsa, gama a 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton sansanonin addu'a a Gana inda ake ɗaure marasa lafiyar hankali da sarƙa a jikin itace, a hana su abinci da sunan azumi. Sarƙa sarƙa ce, ko wace addu'a ake yi a kanta.

To, ina tushen matsalar? Manya sukan ce su a zamaninsu ba su taɓa duban idon ubansu ba. Gaskiya ne. Amma sun manta da sauran labarin. A gidan Bahaushe na dā, uba ba shi kaɗai yake renon ɗa ba, ba ma shi ne yake yawan magana da shi ba. Akwai kunya tsakaninsu, balle ɗan fari, wanda uba da uwa ba sa ko kiran sunansa, sau da yawa ma a hannun kaka yake tashi tun daga yaye. Wannan nisa bai yi ɓarna ba domin akwai masu cike shi. Akwai kaka, wadda jika zai yi wa wasa ya faɗa mata abin da ke cikinsa, ita kuwa ta kira uban ta ce, “Kai, ka sassauta wa yaron nan.” Akwai kawu, wanda gidansa mafaka ne in gida ya yi zafi. Yaro zai yi kwana 3 a can, kawun ya ji ta bakinsa, ya yi masa faɗan da zai ji, sa'an nan ya sa shi gaba ya kai shi ya durƙusa. Akwai gwaggo domin ƴan mata. Akwai sarkin samari da taron gayya, inda saurayi mai ƙarfi da zafin kai yake samun fage ya nuna kansa, a yi masa kirari.

Biyayya ma tana da ladanta a fili. Ɗa yana noma a gandun ubansa, uban kuma ya ba shi gayauna, wadda waɗansu ke kira gamana, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari. Kowa ya san abin da ake binsa da abin da yake bi. Yau uban yana haya a ɗaki biyu a birni, ba gandu, ba gayauna, kaka tana ƙauye tafiyar yini guda. Samariya, wadda gwamnatin Janar Seyni Kunce ta raya bayan 1974, ta watse bayan taron ƙasa na 1991, daga baya fada ta cika gurbinta ba tare da babba ko ɗaya a ciki ba. Abin da ya rage daga tsohon tsari shi ne kunya kaɗai. Uba har yanzu ba ya hira da ɗansa, amma masu yin hirar a madadinsa sun tafi. Sai a sami gida inda maganar da ke shiga tsakanin uba da ɗa aike ne da tsawa, ba ta uku.

Wannan ya fi tsanani a gidajen masu bi, ko da yake ba a cika faɗa ba. Tun da aka fara aikin bishara a Damagaram a 1924, da yawa cikin waɗanda suka ba da gaskiya sun biya da danginsu. Waɗansu kuma aiki ne ya kawo su daga nesa, daga Benin, ko Togo, ko kudancin Cadi. Ƴaƴansu sun tashi ba gidan kawu da za su ruga, ba kakar da za ta tsawata wa uba. Sa'ad da aka yi wa iyayen baftisma an gaya musu sun sami sabon dangi. To, ga ranar da ake bukatar dangin ta zo, dangin kuwa suka zauna gindin itace suka ce a kore shi.

Labarin Absalom yana nan a Littafin Sama'ila na Biyu, ana kuwa yawan karanta shi domin a tsoratar da yara. Ya fi dacewa da iyaye. Amnon ya ɓata Tamar, Dawuda ya ji ya husata ƙwarai, amma bai ɗauki wani mataki ba. Absalom ya haɗiye abin shekara 2, sa'an nan ya kashe ɗan'uwansa ya gudu Geshur, wurin kakansa na wajen uwa, ya yi shekara 3. Da Yowab ya yi dabara aka komo da shi, sarki ya ce ya zauna gidansa kada ya zo gabansa. Shekara 2 yana cikin Urushalima bai ga fuskar ubansa ba. Ya aika wa Yowab sau biyu, Yowab ya ƙi zuwa. Sai ya sa bayinsa suka cinna wa gonar sha'ir ta Yowab wuta, nan da nan kuwa Yowab ya taso. Absalom mai laifi ne, ƙarshensa kuma kowa ya sani. Amma duk mai renon saurayi ya kamata ya tsaya a kan gonar nan. Yaron da ya fasa ƙofa, ko ya zagi malami gaban aji, sau da yawa ya riga ya aika sau biyu ba a amsa ba.

Akwai wani bincike da ya dace a sani. Wata masaniya mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, har suka kai shekara 40. Wajen sulusinsu sun tashi cikin talauci da rigimar gida da shaye-shayen iyaye. Cikin waɗannan, ɗaya bisa uku sun girma lafiya, masu aiki da riƙon gida. Abin da aka yi ta gani a rayuwarsu shi ne, kowannensu ya sami aƙalla babban mutum ɗaya da ya riƙe shi, kaka ce, ko inna, ko malami, ko wani dattijo a majami'a. Bahaushe ba ya bukatar a je Hawai kafin ya gane wannan, amma tun da akwai masu son adadi, ga shi. Masu binciken ƙwaƙwalwa kuma sun nuna cewa sashen da ke bayan goshi, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Hukunta ɗan shekara 16 cewa ya lalace har abada daidai yake da sare gero a watan Yuli domin bai fid da kai ba. Bulus ma ya taɓa yanke irin wannan hukunci a kan Yahaya Markus, wanda ya gudu ya bar su a tsakiyar tafiya. Barnaba, ɗan'uwan Markus na jini, ya ƙi yarda, har suka rabu da Bulus a kan haka, ya ɗauki saurayin zuwa Kubrus. A ƙarshen ransa Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi.

Saboda haka abin da ya kamata dattawan nan su yi kafin su tashi daga benci shi ne su dubi juna su ce wa zai zama kawun yaron. Ba kwamiti ake so ba, mutum ɗaya mai suna, wanda yaron ba ya ƙi. Sau da yawa ba fasto ne ya fi dacewa ba, gama yaro yana ganinsa kamar alƙali. Kafinta ne, ko mai gyaran babur, ko tsohon soja mai son ƙwallo. Aikinsa na fari shi ne ya tafi inda yaron yake, ya zauna a tabarmar fada ya karɓi kofin shayi, ya rufe bakinsa. Zuwan fari ba zai ji kome ba, na biyu ma watakila haka. Wata rana a hanya yaron zai ce, “Kawu, ka san Baba bai biya kuɗin jarrabawata ba, amma ya ba da gudummawar ginin majami'a aka tafa masa?” Ko ya ce yana shekara ta uku a kwaleji bai iya karanta faransanci da kyau ba, ana yi masa dariya, shi ya sa ya gwammace a kore shi da sunan fitina da a san shi da sunan daƙiƙi. Ko ya faɗi abin da yake gani ana yi wa uwarsa da dare. Ba kowane taurin kai ne yake da irin wannan dalili ba, amma ba mai sani sai wanda ya zauna.

Kawun da zai kwashe duk abin da ya ji ya kai wa uba, ya ɓata aikin. Wanda kuma zai goyi bayan yaro a kome, shi ma ya ɓata. Sai ya iya cewa, “Ɗana, abin da ka yi wa mahaifiyarka ba daidai ba ne, gobe za mu je ka roƙe ta gafara,” ya kuma iya jan uban gefe ya ce, “Ɗan'uwa, kai ma da naka.” Na biyun nan shi ne mai wuya, shi ne kuwa ikkilisiya ta fi gudu, musamman in uban mai kuɗi ne ko dattijo.

Horo yana nan, bai tafi ko'ina ba. Laifin Eli firist shi ne ya yi wa ƴaƴansa magana amma ya bar su a kan aikin da suke ɓatawa. Gida yana bukatar doka, sai dai kaɗan, wadda kowa ya sani: lokacin rufe ƙofa, ba zagin uwa, ba ƙwaya cikin gida. A faɗi abin da zai biyo baya tun kafin a karya, in an karya kuma a cika shi ba da ihu ba. Wanda ya sayar da wayar ƙanwarsa ya yi aiki ya biya. Wanda ya zagi malami ya koma da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Uban da ke kafa doka 20 da safe ya manta da 19 kafin la'asar, shi yake koya wa ɗansa cewa maganarsa iska ce. Sai kuma a sama wa hannun yaron abin yi. In lakwal ta ƙi, akwai walda, da ɗinki, da gyaran waya, da lambu. Ikkilisiyar da ke iya tara jika ɗari-ɗari domin sayen amsa-kuwwa, tana iya biya wa yara 3 kuɗin koyon sana'a.

Ƴan mata kuwa, tasu korar da ado ake yin ta. Yarinya ta fara mayar da magana, ta fara tsayawa da samari, sai a ce a yi mata aure a huta. A ƙasar da UNICEF ta ƙiyasta cewa ƴan mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin su cika shekara 18, bai kamata masu bi su ƙara ko ɗaya a lissafin ba domin gudun abin kunya. Zumuntar mata cike take da gwaggonni, sai dai a gwaggo ake bukatarsu, gama yarinyar da ta ji asirinta a bakin mawaƙa ran Lahadi ba za ta sāke buɗe baki ba.

Wani zai ce, in yaron ya zare wuƙa fa, ko yana dukan ƙannensa, sai a zuba ido? A'a. Akwai lokacin da dole a raba shi da gidan, akwai kuma lokacin da ƙwaya ta ci ƙarfinsa har sai an kai shi asibiti, gama barin tramol farat ɗaya yakan sa jiki ciwo ƙwarai, yawan shansa kuma yakan kawo farfaɗiya. Amma raba yaro da gida daban, jefa shi titi daban. A san gidan da zai kwana, a san wanda zai ci abinci da shi, a sa ranar da za a sāke zama. Uwarsa ta riƙa aika masa tuwo. In an sa shi ƙarƙashin horo a majami'a aka ce ya koma bencin baya, dattawa su faɗi tun a wurin zaman wanda a cikinsu zai bar kujerarsa ta gaba ya zauna kusa da shi har watannin su cika.